Dasa Zaren Azurfa a Ƙotar Bindiga: Nazarin Wata Sana'ar Maƙeran Amurka

Dasa zaren azurfa a jikin katakon bindiga, wato ƙotar da ke riƙe da bututu kuma ake dafawa a kafaɗa, ado ne da maƙeran Turai suka daɗe suna yi, kuma ana samun irinsa a bindigogin Daular Usmaniyya da na Maroko da Aljeriya. Sai dai salon da masu koyo da yawa ke bi a yau shi ne na doguwar bindigar Amurka ta ƙarni na 18, wadda maƙera 'yan asalin Jamus suka bunƙasa a Fensilbaniya. Daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki akwai Christian Oerter, wanda ya riƙe maƙerar mabiya cocin Morabiya a Christian's Spring kusa da garin Nazareth na Fensilbaniya har rasuwarsa a 1777 yana ɗan shekara kusan talatin, kuma wata bindigarsa ta 1775 da aka sace daga wurin tarihi na Valley Forge a 1971 ba ta dawo hannun masu ita ba sai a 2019.

Abin da ake kira zare a nan ba dunƙulalliyar waya ba ce, siririn falle ne na ƙarfe wanda kaurinsa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, faɗinsa kuma milimita ɗaya ko ɗaya da rabi, ana dasa shi a tsaye ta yadda bakinsa kaɗai ke bayyana a fuskar katako. Tsantsar azurfa ta fi laushi da sauƙin lanƙwasa, ita kuwa wadda ake kira sitalin, mai azurfa kashi 92.5 cikin 100 da ragowar jan ƙarfe, ta fi tauri, saboda haka sai an gasa ta a wuta kafin ta yi laushin da za ta bi zane. Akwai kuma azurfar Jamus, gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya wanda babu azurfa a cikinsa ko kaɗan, mai araha ne amma yana da gardama a hannun sabon shiga.

Asirin sana'ar yana wajen katako, ba wajen ƙarfe ba. Maƙerin ba ya kwashe ko ƙwayar katako daga layin da zai dasa zaren. Yana soka ɗan ƙaramin kurfi ne, wanda galibi yakan ƙera da kansa daga karyayyen zarton yankan ƙarfe, ya bi zanen taki bayan taki, kowace suka tana shiga cikin wadda ta gabace ta, har tsaga ta buɗe. Da yake jijiyoyin katakon matse su aka yi gefe, ba yanke su aka yi ba, idan aka buga zaren cikin tsagar da ƙaramar guduma sannan aka jiƙa wurin da ruwa, sai su kumbura su koma mazauninsu su damƙe azurfar. Wasu maƙera sukan kankare gefen zaren da magagari domin ya yi kaushin da katako zai kama, wasu sukan ɗiga ɗan gam, amma gam ba ya ceton tsagar da ta yi faɗi. Wannan ne ya sa itacen mefil, mai tauri da matsattsen jiki, wanda maƙeran Fensilbaniya suka fi amfani da shi, ya fi karɓar aikin a kan itacen gyaɗar Turawa da ake kira walnat, wanda ƙofofin jikinsa suka fi buɗewa kuma gefen tsagarsa ya fi saurin marmashewa.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne zane, kuma wannan matsala ce ta ido kafin ta zama ta hannu. Adon ya samo asali daga salon rokoko na Turai, wanda ginshiƙinsa murɗaɗɗun layuka ne masu siffar harafin C da S da ke rassa kamar yaɗon ƙwarya, kuma farin layi a kan baƙin katako ba ya ɓoye aibi: duk wurin da lanƙwasa ta karye ko ta miƙe ba dalili, ido zai fara sauka a can. Reshe dole ya fita daga uwarsa a hankali, su yi tafiya tare kafin su rabu, don haka ake sirance bakin zaren da magagari har ya ɓace cikin ɗan'uwansa, ba ya yi karo da shi ba. Yawan ado ma ba gwaninta ba ne, domin ƙotar da aka cika da zare ba tare da lura da tudu da kwarin jikinta ba takan rasa siffarta, alhali layuka kaɗan da suka bi gaɓoɓinta sukan fito da ita. Saboda haka ƙwararru ke sa almajiri ya daɗe yana zane da fensir, sannan ya gwada a guntayen katako shimfiɗaɗɗu, kafin ya taɓa ƙota mai lanƙwasa, inda dole kurfin ya tsaya daidai da fuskar katako a kowane wuri, in ba haka ba zaren ya shiga a karkace ya fito da kauri marar daidaito.

Bayan katakon ya bushe ana goge abin da ya yi tsini da magagari mai laushi har azurfa da katako su daidaita, ana bin tsawon zaren, ana kuma share garin ƙarfen a kai a kai domin kada ya shige ƙofofin katako ya bar toka-toka. Daga nan sai rini, wanda a al'adar Fensilbaniya ruwan asid ne da aka narkar da baƙin ƙarfe a cikinsa, a shafa a kan mefil a kara shi da zafi har ya koma ja mai duhu, sannan a sake goge zaren a bi da mai.