Ta Rame a Shafi Ashirin, Ta Murmure a Layi Ɗaya

Duk mai karanta littattafan Hausa, daga na takarda zuwa waɗanda ake turowa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ya san wannan yarinyar. An raba ta da wanda take so, ko an ɗaura mata aure da wanda ba ta so, sai ta ƙaurace wa abinci. A kawo tuwo ya huce, a dama fura ta tsinke. Marubuci zai ci shafi ashirin yana nuna mana ƙashin wuya da idanun da suka zurma da zanen da ya ƙi zama a ƙugu. Can sai masoyi ya dawo, ko miji ya gane kurensa. Daga nan layi ɗaya tak: cikin mako biyu ta murmure, ta yi ɓulɓul, kamar ba ita ba.

A kan wannan layin muke son mu tsaya. Yankinmu na Funtua da Malumfashi ba baƙo ba ne a fagen sukar adabi. Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa sunan Adabin Kasuwar Kano, Ibrahim Sheme na ƙasar Faskari kuma ya buɗe filinsa a jaridar New Nigerian aka yi ta fafatawa kan littattafan soyayya a shekarun 1990. A lokacin an ja daga kan tarbiyya da kwaikwayon fina-finan Indiya. Tamu tambayar ƙarama ce: gaskiya waɗannan littattafai suke faɗa game da jikin ɗan Adam?

Ba duk wadda baƙin ciki ya hana cin abinci ce ke da cuta ba. Amma akwai wadda abin ke zarcewa har ƙin cin ya fi ƙarfinta, ko ta ci ta je ta amayar da gangan, ko ta riƙa ɗurawa a ɓoye ba ta iya tsayawa. Likitoci na kiran na farkon anoreksiya, sunan da William Gull ya ba shi a Ingila a 1873. Na ci da amayarwa kuwa bulimiya ne, wanda Gerald Russell ya bayyana a 1979.

A ƙasar masara da dawa irin tamu, inda ake auna arzikin gida da rumbu, kuma akwai maƙwabtan da ke kwana da yunwa, wuya ne a yarda ƙin abinci ciwo ne. Sai a ce shagwaɓa ce, ko iska, ko sammu, ko olsa. Murray Last, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya nuna a wata maƙala ta 1981 cewa mutane da dama ba sa matsa wa kansu sanin ainihin ciwo da musabbabinsa. Ciwon da ba shi da suna kuwa ya fi kowane daɗin ɓuya. Kuma kada mu ce cutar Turawa ce. Wani bincike da aka buga a 2004 kan ɗalibai mata 668 a arewa maso gabashin Gana ya sami 10 da ke horar da kansu da yunwa, ba don tsoron ƙiba ba, sai don ganin hakan kamun kai ne da ibada. A littafin Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga ta Zimbabuwe, wanda ya fito a 1988, likitan farko da aka kai wa Nyasha ya kore maganar ne da cewa baƙar fata ba ya irin wannan ciwon.

To yaya murmurewar take? A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka da maza 36 masu ƙoshin lafiya. An rage musu abinci kusan rabi na wata shida, har suka zubar da kimanin kwata na nauyinsu. Da aka fara mayar musu da abinci, wasunsu sun fi shiga ƙunci da saurin fushi. Da aka sake su, wasu suka riƙa ci har su yi rashin lafiya, kuma an ɗauki watanni kafin cinsu ya daidaita. Waɗannan fa lafiyayyu ne da suka shiga da son ransu.

Ga mai cutar abin ya fi haka. Cikin da ya saba da kaɗan yakan yi nawar narkarwa, loma biyar sai kumburi da ciwo da taurin bayan gida. Ƙafa na iya kumbura. Nauyin farko a tumbi yake taruwa, abin da ke firgita ta ta so komawa gidan jiya. Al'adar da ta ɗauke kan ɗauki watanni kafin ta dawo. Akwai ma haɗari: idan aka ɗura wa wanda ya daɗe da yunwa abinci da yawa lokaci guda, sinadarin fosfet na jininsa kan faɗi, zuciya ta rikice. Shi ya sa wadda ta rame ƙwarai take bukatar idon likita, kamar a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna. Farfesun kaza da kunun gyaɗan da jarumin littafi ke ɗura mata a daren sulhu na iya zama ajalinta. Tunani kuma a baya yake biyo jiki. Wani bincike a Boston da ya bi mata masu anoreksiya ya tarar kusan ɗaya cikin uku ne suka warke bayan shekara 9, amma bayan shekara 22 sun kai kusan biyu cikin uku. Ana warkewa, sai dai ba a mako biyu ba.

Abin takaicin shi ne nan ne labarin yake, marubutanmu suka tsallake shi. Mu ɗauki yarinya a wani gida a Bakori ko Ƙafur. A kwano ɗaya take ci da ƙannenta, don haka ba wanda ya san loma nawa ta kai baki. Ranar da uwa ta ware mata nata kwanon ta zauna gabanta har ta cinye, yaƙi ne na hawaye da lallashi, gobe kuma a sake. Hanyar jiyyar da aka samar a asibitin Maudsley na Landan a kan haka ta ginu: iyaye su karɓi ragamar ciyarwa har yarinya ta iya riƙe kanta. Ga azumin Litinin da Alhamis da ta fake da shi, wa zai ce mata ta bari, kuma da wane baki? Ga Ramadan ya ƙarato, likita ya ce ta sha, malam ya tabbatar mata mara lafiya na da rangwame, amma kunyar idon gida na nan. Ga goggo ta zo biki ta ce, “Ma sha Allah, 'yar nan kin yi ƙiba!” Yabo ne, amma da shi za ta kwana ba barci. Kowane ɗaya babi ne guda.

Wancan layin yana da wata ɓarnar. Idan kullum ƙiba ce shaidar an dace da miji, me muka gaya wa siririyar amarya? Mun san amsar, domin mun san sha-ka-fashe, ƙwayoyin da ake sha don a cika kafin biki. Daga cikinsu akwai irin su deksametason, mai kumbura fuska da ciki, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe a kansa kuma ba ta isa ta yanke shi rana ɗaya ba, sai likita ya riƙa rage mata a hankali. Ita ma murmurewa ke gabanta, tare da gorin masu cewa ta lalace.

Ba muna cewa marubuci ya koma likita ba ne. Muna cewa a cikin masu karatu da waya cikin dare akwai wadda ta yi wata takwas tana kokawa da kwanonta, jiya kuma ta sake faɗuwa. Idan duk jarumar da ta karanta a mako biyu take warkewa, za ta ɗauka ita ce ta gaza. Wanda ya iya ramar da yarinya a shafi ashirin, ya ba ta wasu ashirin ɗin ta koyi cin abinci.