Tseren da Ba a Tambayar Hanya

A ƙarƙashin gadar Kwangila ta Zariya babu wanda ke ɓata har na minti biyar. Ka sauko daga motar Kaduna da jakarka, ka tsaya kana waige-waige, kafin ka buɗe baki 'yan kamasho uku sun yi maka ƙawanya: "Alhaji, Kano ne ko Funtuwa?" Ka ce Tudun Wada za ka, nan take a nuna maka mai keke, har wani ya ƙara maka da kwatancen da ba ka nema ba. Haka muka tashi, matambayi ba ya ɓata. Shi ya sa na daɗe ina jinjina wa wani wasa na mutanen arewacin Turai, wanda babbar dokarsa ita ce kada ka tambayi kowa hanya. Taswira ce a hannunka, da kamfas, da ƙafafunka, sai daji. In ka bi bayan wani ko ka nemi ya nuna maka, ka karya doka, sai fa idan rauni aka ji.

Sunansa oriyantiyarin, amma ni tseren taswira nake ce masa. Daga bariki ya fito: a ƙarshen ƙarni na 19 hafsoshin sojan Suwidin ke koyon ratsa ƙasar da ba su sani ba, a 1897 kuma aka yi gasar farko ta farar hula kusa da birnin Oslo na Norwe. An kafa hukumarsa ta duniya a 1961, aka yi gasar duniya ta farko a Finlan a 1966. Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce O-Ringen ta Suwidin, da aka fara a 1965 da mutum 156. Tsere biyar ake yi cikin mako guda na watan Yuli, kowace shekara a wani yanki dabam, kuma akwai shekarun da masu shiga suka haura 20,000. Yaro ɗan shekara goma da kakarsa mai tamanin duk suna cikin daji ɗaya, kowa da ajinsa da tsawon hanyarsa. Sikotlan ma tana da tata da ake kira ta Kwana Shida, tun 1977, shekara biyu-biyu.

Abin da ake so a wurinka ba shi da wuyar faɗi. An kafa 'yan tutoci a daji, kowace rabi fari rabi ruwan goro, faɗinta santimita 30. A taswirarka an zana alwatika a inda za ka tashi, da'irori masu lamba a inda tutocin suke, sai da'ira biyu, ɗaya cikin ɗaya, a wurin ƙarewa. Ka je kowace tuta bi da bi, ka taɓa 'yar na'urar da ke ɗaure a yatsanka a jikin akwatin da ke wurin, ta yi ƙara, ka wuce. Hanyar da za ka bi tsakanin tuta da tuta kuwa ruwanka. Ana sakin 'yan tsere ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti ɗaya ko biyu, kuma ba ka ganin taswirar sai lokacin tashinka ya yi. Dajin ma an hana shigarsa tun watanni ko shekaru kafin ranar.

Taswirar kanta abin kallo ce. Wanda ya saba da ta makaranta zai ɗauka kore ne daji. A nan fari ne dajin da ake iya gudu a cikinsa. Kore kurmi ne, gwargwadon duhunsa gwargwadon yadda zai riƙe ka. Ruwan ɗorawa fili ne, shuɗi ruwa da fadama, baƙi duwatsu da hanyoyi. Sai layuka masu ruwan ƙasa, waɗanda su ne ran abin: kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya ne, tsakanin layi da layi yawanci mita 5. Inda suka matsu, gangara ce mai tsanani. Inda suka rufe kansu kamar zobe, tudu ne. Inda suka lanƙwasa ciki, kwari ne. A ma'aunin 1:15,000, santimita ɗaya a takarda mita 150 ne a ƙasa. Ke nan kaurin bakin fensir ya isa ya ɓoye gida guda. Dutse in ya kai mita ɗaya yana da ɗigonsa. A dazuzzukan Suwidin da Finlan, inda ƙanƙara ta zamanin da ta gurje ƙasa ta bar duwatsu da 'yan tuddai da ƙananan fadamu barkatai, takardar kan cika da ɗige-ɗige kamar an watsa mata riɗi. Irin wannan ƙasar ce 'yan wasan ke kira mai wuyar karatu, ita kuma suka fi so.

Kamfas ɗin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda aka taɓa yi wa tsarabar darduma mai allurar nuna alƙibla daga Makka ya san shi. Ɗan tsere yana ɗaura nasa a babban yatsa, a hannun da ke riƙe da taswira, ya juya takardar har layukan arewa da ke kanta su daidaita da allurar. Daga nan abin da ke gabansa a takarda shi ne ke gabansa a ƙasa.

Kalli gwana tana barin tuta ta shida za ta ta bakwai, mita 800 a miƙe. Ba ta tsaya ba. Tun tana saura mita ɗari ta isa ta shidan ta riga ta zaɓi hanya, saboda haka tana taɓa akwatin ta fice ta inda ya dace. Taswirar a ninke take kamar laya, bakin babban yatsanta a kan daidai inda take, tana matsa shi gaba kaɗan-kaɗan. Tana tsallake saiwa da kututture, ta ɗaga takardar ta kai mata ido na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta sauke. A tsakanin tutocin nan akwai alamomi sun fi ɗari, ita kuwa uku kawai ta ɗauka: fadama a hannun hagu, dogon tudu da za ta bi kafaɗarsa, da ƙaton dutse a bayansa. Sauran ta bar wa mai taswira kayansa. Har zuwa dutsen nan gudu take kamar an biyo ta. Tana isa gare shi sai ta rage, ta duba allura, ta fara ƙirga taki, domin tutar tana cikin wani ɗan kwari ne da ba a hango shi sai an zo kansa. Mita tamanin na ƙarshe su ne ta fi yi wa ladabi.

Wannan zubar da abin da ba a buƙata shi ne ya ɗaga Thierry Gueorgiou na Faransa, wanda ya ci zinare 14 a gasar duniya, mafi yawa a matsakaicin zango, tseren minti 30 zuwa 35 da ake kafawa a mafi ruɗanin ƙasa. Simone Niggli ta Suwizalan ta tara 23 kafin ta yi ritaya a 2013. Akwai waɗanda suka fi su gudu a filin wasa. A daji dai ba su kama su ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarun nan duk mun san su, suna ne ba mu sa musu ba. Neman babbar alama kusa da ƙaramar manufa, ai shi ne kwatancenmu: in ka iso masallacin Juma'a, ka ƙirga gida uku. Bin gefen rafi ko gindin tudu maimakon kutsawa, makiyayi ya riga kowa. Ƙirga taki, manomi na auna gonarsa da shi tun kafin a kawo tef. Akwai wata kuma da ke kama da wauta. A ce kana neman wata mashaya a bakin rafin Kubanni, kana tahowa daga nesa ta cikin dawa. In ka nufe ta kai-tsaye ka iso ruwa ba ka gan ta ba, ina za ka juya, dama ko hagu? Gwani da gangan yake karkata hagu kaɗan. Yana isowa bakin ruwa ya san mashayar tana damansa, ba ya ko tsayawa. Ya sayi tabbas da 'yan taki ashirin.

Babban makiyin ɗan tsere kuwa kansa ne. Muna yara mun taɓa hawa dutsen Kufena washegarin sallah, a dawowa na rantse wa abokaina cewa ta tsakanin wasu duwatsu biyu muka hau. Muka bi. Akwai tsamiya a inda na ce za a ga tsamiya, akwai gangara a inda na ce. Duk abin da bai yi daidai ba sai in nemo masa uzuri: wancan kogon ai da ma yana nan, ba mu lura ba ne. Sai da muka sauka a gefen da ba mu taɓa gani ba, rana tana faɗuwa ta inda bai kamata ba, wani dattijo mai itace ya dube mu ya ce, 'yan samari, kun ba gari baya. A tseren taswira wannan kuskure yana da suna, kuskuren tagwaye zan ce masa: kwari biyu masu kama da juna, ka shiga na kusa kana zaton na nesa ne, zuciyarka kuma ta dinga lanƙwasa taswira don ta yarda da kai. Gwani ma yana faɗa masa. Bambancin shi ne da zarar alama ɗaya ta ƙi zama, yakan tsaya cak, ko da agogo na cinsa, ya tambayi kansa: ina ne wuri na ƙarshe da na tabbata? Sabon shiga shi ne ke ƙara gudu yana fatan tuta ta faɗo masa daga sama. Na farkon ya yi asarar daƙiƙa arba'in, na biyun minti goma sha biyar.

Yanzu a ninka wannan sau biyar, kamar yadda ake yi a O-Ringen. Lokacin kowace rana ana tara shi ne a kan na jiya, saboda haka ɓatan Litinin yana bin ka har ranar ƙarshe. In kuwa ka taɓa tutar da ba taka ba, ka wuce ba ka duba lambarta ba, ranar ta rushe, jimillar mako ma ta tafi da ita. Ƙasa tana sauyawa: yau duwatsu, gobe fadama har gwiwa, jibi dogon zango na kusan awa ɗaya da rabi ga manyan 'yan wasa. Ƙafa takan gaji, amma kai ne ke fara gajiya, kuma mai haki ba ya karatu da kyau. Shi ya sa gwanaye ke gudu ƙasa kaɗan da iyakar ƙarfinsu, daidai inda ido zai iya bin layukan nan. Da yamma a sansani, takalma na shan iska a bakin tanti, za ka ga mutane sun duƙufa kan taswirar ranar suna zana inda suka bi da jan biro, ana musu kan wa ya kewaye tudu wa ya haye shi, ana gwada lokacin kowane zango. Hirar mafarauta ce sak bayan an dawo daga daji, sai dai ba nama.

Zariya ba ta rasa masu wannan ilimi ba. Tun 1924 Depot ke horar da kuratan soja a nan, makarantar soja ta yara kuma tun 1954, karatun taswira yana cikin abin da soja ke koya. Sunan barikin Chindit ma daga kurmin ƙasar Bama ya zo, inda bataliyoyin Najeriya suka yi yaƙi a bayan layin Japanawa a 1944, cikin dajin da ba a hangen gaba sai da kamfas. Kafin su akwai madugai masu kai ayari Gwanja, da Buzaye masu ratsa Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri, da taurari da launin rairayi. Mu da muka gaji waɗannan, yau in caji ya ƙare a waya, wani ko gabas ba ya iya nunawa sai ya leƙa masallaci.

Ina sane da cewa maganar gudu a daji a wannan zamani tana iya zama kamar ba'a. Dazuzzukan da za su dace da wasan, irin su Kamuku, ba wuraren da uba zai tura ɗansa da takarda a hannu ba ne yanzu. Amma wasan yana da nau'in cikin gari, na kusan minti 15, da ake yi a harabar makarantu da lunguna. Harabar jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ta ishe shi, ga kuma masana taswira a cikinta. Lungunan birnin Zazzau kuwa, da na so in ga Bature ɗan Suwidin a cikinsu ba mai yi masa kwatance.

Ranar ƙarshe ta O-Ringen tsarin tashi yakan sauya. Wanda ke kan gaba a jimillar kwana huɗu shi ake fara saki, na biyu ya jira daidai tazarar da aka ba shi, na uku haka, kuma duk wanda ya fara isa shi ya ci mako. A ce kai ne a gaba, tazararka daƙiƙa hamsin ce. Ka shiga daji kai kaɗai, ka san akwai mutum a bayanka da ke neman ya hango rigarka, domin in ya hango ka, ka zame masa tuta mai tafiya. Kana jin ƙarar reshe ya karye, wuyanka na son juyawa. Ga dutsen da kake jira ya bayyana a dama, ɗan kwarin yana can bayansa, mita sittin. Ka rage gudu, ka sa ido a allura, ka fara ƙirga taki.