Zinare huɗu a Rabat, sai kuma aka janye gasar

A watan Agustan 2019, a Gasar Wasannin Afirka da aka yi a Rabat ta ƙasar Maroko, wata yarinya 'yar Najeriya mai shekara 17, Ayomide Bello, ta ci lambar zinare har huɗu a tseren kwalekwale. Biyu ita kaɗai ta tuƙo su, a nisan mita 200 da mita 500. Sauran biyun kuma tare da abokiyar tuƙinta Goodness Foloki suka ciwo su. Da wannan nasara ta sami gurbi a gasar Olamfik ta Tokyo, ta zama mace ta farko da ta wakilci Najeriya a wannan fanni. Da a ƙwallon ƙafa ta yi wannan bajinta, da har yaran da ke tallar ruwa a tasha sun san sunanta.

Abin da ya fi damuna ma shi ne abin da ya biyo baya. Da aka koma Gasar Wasannin Afirka a birnin Akara a watan Maris na 2024, babu tseren kwalekwale a cikin jadawali. An yi shi a Maputo a 2011, ba a yi a Birazabil a 2015 ba, aka dawo da shi a Rabat, aka sake ajiye shi a Akara. Wato duk yarinyar da ta ga Ayomide a kan dandamalin karɓar lambar yabo, ta ce ita ma sai ta kai can, ta yi shekara huɗu tana atisaye, sai ta tarar babu filin da za ta gwada kanta. Ina ganin wannan shi ne babban abin da ke tauye wasan a nahiyarmu, ya ma fi ƙarancin kuɗi illa, domin babu gwamnatin da za ta kashe kuɗi a kan wasan da ba ta da tabbacin za a raba lambobinsa.

Ga wanda bai saba kallo ba, wasan iri biyu ne. A kayak, ɗan wasa zaune yake, ƙafafunsa a miƙe cikin jirgin, filafilinsa mai baki biyu ne, yana tsoma shi dama da hagu. A ɗaya nau'in, wanda ya fi kusa da tuƙin da muka sani, ɗan wasa yana durƙusa gwiwa ɗaya, ɗayar ƙafar tana gaba a tanƙware, filafilin kuma baki ɗaya gare shi. Ta gefe guda kawai yake tuƙi tun daga farko har ƙarshe. Jirgin ba shi da abin juya akala, don haka a ƙarshen kowane ja sai ya ɗan murɗa filafilin da wuyan hannu don kada hancin jirgin ya karkace. Tsawon jirgin mutum ɗaya ba ya wuce mita 5.2, ga shi siriri ƙwarai, wanda bai saba ba ko numfashi ya ja da ƙarfi sai ya tsinci kansa cikin ruwa. A haka ne Nevin Harrison ta Amurka ta cinye mita 200 cikin ƙasa da sakan 46 a Tokyo.

Idan mutum ya bi jerin waɗanda ke cin lambobi a Afirka, zai ga wani rabo da ba a rubuta shi ba amma kowa ya san da shi. Kayak na 'yan Afirka ta Kudu ne, sai ƙasashen arewa irin su Tunisiya da Masar da Aljeriya suna biye. Dalili a fili yake: suna da kulob-kulob, da jirage, da masu horarwa, da gasa ta cikin gida wadda ba ta yankewa. Tun 1951 ake tseren Dusi tsakanin Pietermaritzburg da Durban, tafiyar kwana uku a ruwa. Daga irin wannan gida Bridgitte Hartley ta fito, ta ci tagulla a Olamfik ta Landan a 2012. Amma a tseren durƙuso labarin ya bambanta. A nan ne ake jin sunayen Najeriya da Mozambik da Sao Tome, ƙasashen da ba su da dukiyar wasanni amma suna da mutanen da suka tashi da filafili a hannu. Ga mata kuma ƙofar sabuwa ce, don sai a Tokyo aka fara ba su damar yin wannan nau'in a Olamfik, alhali maza suna yi tun 1936. Tazarar da ke tsakaninmu da Turawa a nan ba ta yi nisan da ta yi a sauran fannoni ba. Tana ƙaruwa dai kowace shekara.

Akwai wata hanya da ƙasashenmu suka fi so don ta fi sauƙi, wato ɗauko 'ya'yanmu da aka haifa a Turai. Benjamin Boukpeti, haifaffen Faransa wanda mahaifinsa ɗan Togo ne, ya ciyo wa Togo lambar Olamfik ta farko a tarihinta, tagulla a Beijing a 2008, a tseren da ake ratsa ƙofofi cikin ruwa mai ambaliya. Don murna har karya filafilinsa ya yi. Jonathan Akinyemi, haifaffen Ingila, ya ɗaga tutar Najeriya a wannan fanni a 2012 da 2016. Ban raina ko ɗayansu ba, jini ba ya ƙarya, kuma sun zaɓi ƙasar iyayensu alhali suna da wata. Sai dai kogin da ya rene su yana Turai, mai horar da su yana can, kulob ɗinsu yana can. Ranar da suka ajiye filafili, abin da ya rage a gida kaɗan ne. Shi ya sa nake ganin zinaren Rabat, wanda aka shuka a gida aka girbe da 'yan gida, ya fi amfani ga wasan, ko da a idon duniya bai kai tagullar Olamfik daraja ba.

Masu cewa lambar nahiya ba komai ba ce, su dubi Barazil. Isaquias Queiroz ɗan wani ƙaramin gari ne a bakin kogi, Ubaitaba a jihar Bahia, inda kwalekwale abin hawan yau da kullum ne. Wani shirin koyar da yara wasanni ne ya sa shi cikin jirgin tsere. Ya ci zinare a gasar nahiyar Amurka a Toronto a 2015, ya ci lamba uku a Olamfik ta Rio a 2016, sannan ya ɗauki zinare a Tokyo. Tsaninsa bai rasa mataki ko ɗaya ba, don gasar nahiyarsu ba ta ajiye wasan yau ta ɗauko shi gobe. A Afirka ta Kudu ma an gwada: Thulani Mbanjwa, ɗan ƙauyukan da kogin tseren Dusi ke ratsawa, ya ci gasar a 2008 tare da Martin Dreyer, daga nan aka buɗe wa yaran kwarin makarantar horo, suka riƙa shiga sahun gaba.

To mu fa? Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya ga tseren kwalekwale, ya ga yadda samari ke sarrafa jirgi kamar da shi aka haife su. A Yawuri akwai bikin Rigata. Sarkawa suna nan tun daga Kabi har gaɓar Kwara a Jamhuriyar Nijar, ga Nufawa, ga Buduma a Tafkin Cadi. Yaro ɗan shekara goma a waɗannan wurare yana tsallaka da kaya da mutane a ruwan da babba daga cikin gari ba zai yarda ya sa ƙafa ba. Ruwan atisaye ma ba mu rasa ba: ga Kainji, ga Tiga, ga Goronyo, duk shimfiɗaɗɗen ruwa ne irin wanda tseren yake bukata.

Kada dai a ɗauka iya tuƙin gado ya isa. Kwalekwalen katako mai faɗi ne, mai nauyi, yana yafe kuskure. Jirgin tsere ba ya yafewa. Wanda ya ci Rigata, ranar farko da aka ɗora shi a kan na tsere zai sha ruwa kamar kowa. Amma abubuwa biyu da suka fi wuyar koyarwa yana da su tun daga gida: ba ya tsoron ruwa, kuma hannunsa ya san yadda filafili ke kama ruwa. Sauran aikin mai horarwa ne da 'yan jirage kaɗan. Ina kuma da yaƙinin cewa kulob irin wannan zai kawo wani alherin, don ba a ɗora yaro a jirgin koyo sai ya iya iyo ya kuma sa rigar kariya. A yankin da jirgi ya kife a Warra ta jihar Kabi a 2021 aka rasa rayuka masu yawan gaske, ganin zakaran gari sanye da rigar kariya zai yi tasirin da sanarwar rediyo ba ta yi ba.

Batun mata na san zai ja magana a wajenmu, kuma ba na ganin a yi wa iyaye dole. Amma wasa ne da ake iya yinsa da cikakkiyar sutura, kuma 'yan matan bakin kogi da ma suna tuƙi zuwa kasuwa da gona. Idan aka sami mai horarwa mace, za a sami iyayen da za su amince.

Ayomide ta sake zuwa Olamfik a Paris a 2024, wannan karon tare da Beauty Otuedo. Ba su kai ga lamba ba, ban kuma yi mamaki ba, don masu fafatawa da su duk shekara suna da manyan gasanni a gabansu. Masar ce za ta karɓi Gasar Wasannin Afirka ta 2027, ƙasa ce mai kogin Nilu da masu tuƙi nata na kanta. Hukumomin wasanni na Najeriya da Nijar su matsa tun yanzu a sa tseren kwalekwale a jadawali, a kuma mayar da shi na dindindin. Gwamnatin Kabi kuwa, wadda da ma take kashe kuɗi a kan Argungu da Rigata, ta sayi jiragen tsere ko da goma ne, ta ajiye su a Yawuri, ta kira waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na uku a bikin bana su gwada.