Mugun da Kyamara Ba Ta Iya Kamawa: Nazari a Kan Fina-finan Ken Loach

A daren 16 ga Nuwamban 1966 gidan talabijin na BBC ya nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Cathy Come Home. Kimanin mutum miliyan 12 ne suka zauna suka kalle shi. Labarin ba shi da wata sarƙaƙiya. Cathy ta auri Reg, direban mota, suka kama haya mai kyau, aka fara haihuwa. Sai Reg ya ji rauni, aiki ya kuɓuce. Daga nan abu ya yi ta gangara: bashin haya, kora da takardar kotu, zaman raɓe a gidan suruka, kwana a kango, har suka dangana da gidan marasa galihu, inda aka yarda uwa da 'ya'ya su kwana amma ban da miji. A ƙarshe, a tashar jirgin ƙasa, ma'aikatan jin daɗin jama'a suka ɓamɓare 'ya'yan daga jikinta tana kururuwa.

Wanda ya gama kallo ya nemi wanda zai tsine wa, zai rasa. Mai gidan haya kuɗinsa yake bi. Ɗan aiken kotu takarda aka ba shi. Matar da ke kula da gidan marasa galihu doka take bi. Kowa ya yi aikinsa daidai da ƙa'ida, amma gida ya watse. Matashin da ya ba da umarnin wannan wasa, Ken Loach, yana da shekara 30 a lokacin, kuma ya shafe kusan shekara 60 bayan nan yana kokawa da matsala guda: ta yaya za a ɗauki hoton zaluncin da ba shi da fuska?

An haife shi ranar 17 ga Yunin 1936 a garin Nuneaton da ke tsakiyar Ingila. Mahaifinsa ma'aikacin lantarki ne a masana'anta. Ya yi hidimar ƙasa a rundunar sojan sama, ya karanta shari'a a Oxford, amma wasan daɓe ya ɗauke masa hankali, har ya shiga BBC a 1963 a matsayin mai koyon ba da umarni. Ya tarar da hanyar a share. Tun shekarun 1930 John Grierson da mutanensa suke ɗaukar masunta da ma'aikatan gidan waya a bakin aikinsu. A 1956 Lindsay Anderson da Karel Reisz da Tony Richardson suka kafa tafiyar da suka kira Free Cinema, daga ita kuma aka sami fina-finai irin su Saturday Night and Sunday Morning na 1960 da A Taste of Honey na 1961, waɗanda suka fitar da kyamara daga falon masu hali suka kai ta lungunan tsakiya da arewacin Ingila. Sai dai mafi yawansu labarin saurayi ne mai zafin kai da ke neman tsira daga unguwarsu. Loach bai damu da wanda ya tsira ba. Waɗanda suka rage a unguwar su ne mutanensa.

Shi da furodusansa Tony Garnett sun yi rigima da manyan BBC kafin a bar su su fita daga ɗakin shirye-shirye da ƙaramar kyamara ta milimita 16 su yi aiki a titi. Wasanninsu suna zuwa ne bayan labaran dare, suka kuwa so mai kallo ya kasa gane inda labarai suka tsaya, inda wasa ya fara. Wannan ya jawo musu zargin yaudara, zargin da ya bi Loach har tsufansa. Malamansa na gaskiya ma ba Turawan Ingila ba ne. Ya sha faɗin fina-finai uku da suka buɗe masa ido: Bicycle Thieves na Vittorio De Sica, da Loves of a Blonde na Miloš Forman, da The Battle of Algiers na Gillo Pontecorvo.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, gaskiyar da ake gani a fim ɗin Loach ba tsintuwa ba ce, gina ta ake yi da ƙa'idoji masu tsauri. Yana ɗaukar fim a jere, daga farkon labari zuwa ƙarshensa, ko da hakan ya fi cin kuɗi. Ba ya ba 'yan wasa labarin gaba ɗaya, sai shafin yau, wani lokaci ma a ɓoye wa ɗaya abin da ɗayan zai yi, don firgicin da zai bayyana a fuskarsa ya zama na gaske. Kyamara tana tsayawa can nesa, daidai tsayin idon mutum, kamar wani ne ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo bai sa baki ba. Haske kuwa na taga ne. Idan labarin na birkiloli ne, zai nemo waɗanda suka taɓa ɗaukar siminti, ya bar su da harshen garinsu. Shi ya sa da aka kai fim ɗinsa Riff-Raff Amurka sai da aka rubuta maganganun a ƙasan hoto, ga Turanci ana yi amma Ba'amurke ba ya ji.

Inda wannan hanya ta fi yin kyau shi ne Kes na 1969, wanda aka ɗauko daga littafin Barry Hines aka kuma yi a Barnsley, garin masu haƙar kwal. Billy Casper yaro ne ɗan shekara 15, ramamme, mai dauɗa, wanda gida da makaranta suka riga suka yanke masa hukuncin cewa ramin kwal ne makomarsa. Ya ɗauko ɗan ƙaramin shaho daga sheƙa, ya saci littafin horar da tsuntsaye bayan ɗakin karatu ya hana shi aro, ya koya wa kansa sana'ar da manya ke shan wuya a kanta. Akwai wurin da wani malami ya tsayar da shi gaban aji ya ce ya ba da labarin tsuntsun. Yaron da kullum kansa ke sunkuye ya fara da in'ina, sannan baki ya buɗe, ya shiga rubuta sunayen kayan horo a allo, aji ya yi tsit. A cikin 'yan mintoci mai kallo ya ga irin basirar da ƙasa ke shirin binnewa, ba tare da kowa ya faɗa masa ba. Yayansa Jud ne ya kashe tsuntsun saboda kuɗin caca, amma Jud ɗin ma kullum asubar fari yake gangarawa rami, fim ɗin bai bari mu manta da haka ba. A 1999 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sa Kes a matsayi na 7 cikin fina-finan ƙasar 100 mafiya daraja a ƙarni na 20.

Amma a cikin Kes ɗin nan ne kuma ake ganin tsadar wannan hanya. A wurin da hedimasta ke yi wa yara bulala a tafin hannu, har da wani ƙaramin yaro da aka aiko da saƙo ya faɗa cikin masu laifi, dukan na gaske ne, yaran kuma ba su san za a yi ba. Hawayen da ya cika idon ƙaramin nasa ne. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu gaban malami ya san ba a ƙirƙirar wannan kallon. Ni dai ina ganin bai kamata a yi ba. Fim ɗin da ke tuhumar manya da wasa da rayuwar yara ba shi da hujjar dukan yaro don hoto ya yi kyau, ko da hoton ya zama abin tarihi.

Nasarar Cathy Come Home ba ta kwantar wa masu shi da hankali ba. Ƙungiyar agajin marasa muhalli ta Shelter, wadda aka ƙaddamar 'yan makonni bayan nuna shi, ta sami goyon baya mai yawa, amma dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar wa iyalai mafaka sai a 1977 ta zo. Loach da Garnett sun nuna daga baya cewa wasan ya yi sassauci: 'yan siyasar kowane ɓangare sun yaba shi, domin bai kama sunan kowa ba. Nan ne ƙullin yake. Idan babu mai laifi, kowa zai share hawaye ya je ya kwanta. Saboda haka Loach ya haɗa kai da marubuci Jim Allen, tsohon lebura mai ra'ayin gurguzu, suka fara nuna yatsa, musamman a Days of Hope na 1975 wanda ya bi tarihin ma'aikata daga 1916 zuwa babban yajin aiki na 1926.

Nuna yatsa kuwa ya sa aka rufe masa ƙofofi. Tun kafin nan, fim ɗin da ƙungiyar Save the Children ta sa shi ya yi mata, wanda ya ɗauki wani ɓangarensa a Kenya ya kuma soki salon agajin da ke jin warin mulkin mallaka, an kulle shi bai ga jama'a ba sai 2011. A zamanin Margaret Thatcher ya shirya Questions of Leadership, inda ma'aikata ke zargin shugabannin ƙwadago da sayar da su, aka ƙi nunawa. Which Side Are You On?, na waƙoƙin masu haƙar kwal a yajin aikin 1984, waɗanda suka ba shi kwangilar sun ƙi sa shi, sai wata tasha ta nuna daga baya. Mutumin da ya ƙi karɓar lambar girmamawa ta OBE a 1977 ya wayi gari yana shirya tallace-tallace don ya ciyar da iyali.

Ya farfaɗo a 1990 da Hidden Agenda, kuma daga nan Turai, musamman Faransa, ta rungume shi fiye da ƙasarsa. Tun daga Carla's Song na 1996 lauya Paul Laverty ne ya riƙa rubuta masa kusan dukan labarai, Rebecca O'Brien kuma ta riƙe harkar kuɗi da shiri a yawancinsu. A wannan zango ne ake iya auna ƙarfinsa da rauninsa. Land and Freedom, a kan yaƙin basasar Sifaniya, yana da wuri mai tsawo inda ƙauyawa da mayaƙa suka zauna suna gardama ko a haɗe gonaki ko a raba. Kowa da hujjarsa, ba a mai da kowa wawa ba, har mai kallo ya ji kamar ya ɗaga hannu. The Wind That Shakes the Barley kuwa, wanda ya ci babbar kyautar Palme d'Or a Cannes a 2006, ya yi ƙarfi matuƙa a rikicin 'yan'uwa biyu da yarjejeniyar Ayilan ta 1921 ta raba, amma sojojin Birtaniya a ciki kusan ihu da duka kawai suka iya. Tarihi ya tabbatar da ta'asarsu. Sai dai da zarar mugu ya sami fuska guda, mai kallo ya sami wurin sauke fushinsa ya huta, wannan kuwa shi ne abin da Loach ya fi kowa sanin haɗarinsa. Masu kallon fina-finanmu na Hausa sun san wannan sauƙin: a ɗora komai a kan muguwar kishiya ko azzalumin kawu, a bar talaucin da ya haɗa su faɗa ba a taɓa shi ba.

A ganina sai a I, Daniel Blake na 2016 ya warware ƙullin sosai, yana ɗan shekara 80 ba 'yan makonni lokacin da ya sake ɗaukar Palme d'Or. Daniel kafinta ne a Newcastle, shekararsa 59, ya sami bugun zuciya, likita ya hana shi aiki. Fim ɗin ya buɗe da baƙin allo, murya kawai ake ji tana tambayarsa ko yana iya ɗaga hannu, ko yana iya tafiya, tana ƙin sauraron maganar zuciya domin babu ita a layin da ta kai a fom. Ya sami maki 12, ana buƙatar 15. Don haka ba shi da tallafin marasa lafiya. Don ya sami tallafin marasa aiki dole ya nuna yana neman aikin da ba zai iya karɓa ba, ta intanet, shi da bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Babu wanda ya zage shi. Wata ma'aikaciya ma ta so taimakonsa, aka tsawata mata. Amma a nan, saɓanin Cathy, an nuna kowane haƙorin injin, har mai kallo ya gane cewa wani ne ya zauna ya tsara wahalar don mutane su gaji su haƙura. Shi ya sa wannan karon manyan jam'iyyar da ke mulki ba su yaba ba, suka ce an yi wa ma'aikata rashin adalci, maganar kuma ta kai zauren majalisa.

Wurin da ba a mantawa shi ne gidan rabon abincin agaji. Katie, uwar yara biyu da ta daɗe tana ba su nata rabon, ana cikin zuba mata kaya sai ta juya baya, ta ɓalle gwangwanin wake, ta shiga ɗiba da hannu tana turawa a baki, romo na zuba. Da ta farga ana kallonta sai ta rushe da kuka tana ba da haƙuri. Kyamara ba ta matso ba, ba a sa kiɗa ba. Wannan nisan ladabi ne, sutura ce aka yi mata.

Sorry We Missed You na 2019 ya ci gaba da wannan hanya. Ricky ya sayar da motar matarsa, mai jinyar tsofaffi gida-gida, ya kama motar kai saƙo a kan shi ne ubangidan kansa. Ashe ubangidan wata 'yar na'ura ce a hannunsa, tana ƙirga masa mintoci, ana cin sa tara in ya yi fashi, har kwalbar fitsari abokin aiki ya ba shi don babu lokacin tsayawa. Manajan ma'ajiyar mai tsauri ne, amma ya faɗi gaskiya cewa masu saye ne ke son kaya da wuri kuma da araha.

The Old Oak na 2023, wanda ya ce da wuya ya sake yin wani bayansa, ya kai 'yan gudun hijirar Siriya wani ƙauyen Durham da ramin kwal ɗinsa ya mutu. Bai kai Kes ba, bai kai Daniel Blake ba. Akwai wuraren da 'yan wasa ke furta darasin da ya kamata a bar mu mu gano, zumuncin cin abinci tare kuma ya ƙullu da sauri fiye da yadda irin wannan gaba ke sanyi. Amma ko 'yan mashayar da ke jifan baƙin da baƙaƙen maganganu an ba su damar faɗin abin da ke cin su: gidajen da suka biya da gumin shekaru sun faɗi warwas, kamfanonin da ba su taɓa taka ƙauyen ba suna saye a gwanjo, makaranta da asibiti sun yi musu kaɗan, kuma ba wanda ya shawarce su kafin motar baƙin ta tsaya a layinsu.