Ciyar da 'Ya'ya Tsakanin Yaji da Saki: Sharhi a kan Dokar Iyali ta Maroko bisa Ma'aunin Mukhtasar

1.0 Gabatarwa

Akwai wani lokaci a rayuwar aure da littattafan fiƙihu ba su keɓe masa babi na musamman ba, alhali kuwa a cikinsa 'ya'ya suka fi galabaita. Shi ne lokacin da ma'aurata suka raba gida amma igiyar aure ba ta tsinke ba. Matar ta yi yaji, ko an ce ta tafi gida sai an neme ta, yara suna hannunta, magabata suna ta kai gwauro suna kai mari. Abin da uba yake bayarwa a wannan tsakani ba shi da adadi, ba shi da rana: yau tiyar masara ta hannun ƙanensa, wani makon 'yan kuɗi ta waya, wani watan kuma shiru. Idan magana ta kai gaban alƙali sai tambayoyi biyu su taso. Shin abin da uban bai bayar ba bashi ne a kansa? Kuma wa za a gaskata game da abin da ya ce ya bayar?

Wannan maƙala ta auna amsar da Dokar Iyali ta Maroko ta bayar. Ana kiran dokar Mudawwanatul Usra, kuma bai kamata a haɗa ta da Mudawwanar Imam Sahnun ba. An zartar da ita a shekarar 2004, zamanin Sarki Muhammadu na Shida, tana ɗauke da sassa 400. Dalilin zaɓenta shi ne an gina ta a kan mazhabar Imam Malik, wadda kotunan shari'a na Arewacin Najeriya suke hukunci da ita. Matsayin maƙalar shi ne dokar ta warware tambaya ta farko, ta kuma bar ta biyu kusan yadda ta same ta.

2.0 Matsayin Mazhaba

Wajabcin ciyar da 'ya'ya a kan uba ya tabbata daga aya ta 233 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 6 da 7 na Suratuɗ Ɗalaƙ, sai kuma hadisin Hindu 'yar Utba da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyan, Manzon Allah (SAW) ya yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Abin lura shi ne auren yana nan daram a lokacin, wato haƙƙin yaro ba ya jiran saki kafin ya tabbata. Risalar Ibn Abi Zaid ta iyakance wajabcin ga namiji har ya balaga lafiyayye, ga mace kuma har mijinta ya tare da ita.

Mukhtasar na Shaihu Khalil ya fayyace abubuwa huɗu da suka shafi wannan batu. Na farko, matar da ta fita ba da izinin miji ba, ya kuma kasa mayar da ita, ciyarwarta tana faɗuwa muddin ba ta da ciki. Wannan hukunci ya tsaya a kanta ita kaɗai, bai taɓa haƙƙin 'ya'yanta ba. Na biyu, mai riƙon yaro ita ke da ikon karɓar ciyarwarsa, kuma masu sharhi irin su Shaihu Dardir sun bayyana cewa uba ba shi da damar cewa a riƙa turo masa yaron ya ci a gidansa ya koma.

Na uku shi ne mafi nauyi. Ciyarwar mata bashi ce a kan miji mawadaci ko da lokaci ya shuɗe, domin a madadin haƙƙin aure take. Ciyarwar 'ya'ya da iyaye kuwa an ɗauke ta a matsayin toshe buƙata ta nan take, saboda haka tana faɗuwa da shuɗewar lokaci. An togace wurare biyu: inda alƙali ya riga ya yanka ta, da inda wani ya ciyar da yaron ba da niyyar sadaka ba. Wanda ya ciyar ɗin sai ya kasance ya san uban mawadaci ne, ya kuma rantse cewa ya ciyar ne don a biya shi.

Na huɗu ya shafi hujja. Idan miji ya dawo daga tafiya suka yi jayayya da matarsa kan ko ya aiko da ciyarwa, ana karɓar maganarta ne daga ranar da ta kai ƙara ga alƙali. Kai kuka ga maƙwabta ba ya tsayawa a madadin haka. Idan ba ta kai ƙara ba, maganar miji ake karɓa, da sharaɗin ya rantse cewa abin ya isa hannunta, domin rantsuwa a kan aikawa kawai ba ta wadatar. Ibn Arafa ya ambata cewa alƙalan Tunis sun ɗauki kai kuka ga shaidu adilai daidai da kai shi ga alƙali.

Idan aka ɗora waɗannan hukunce-hukunce a kan halin matar da ta yi yaji, za a ga kunya da haƙuri su ne suke cin ta tara. Al'ada tana ganin kai uban 'ya'ya kotu a lokacin da ake biko a matsayin yanke ƙauna ga sulhu, fiƙihu kuwa ya rataya kariyarta mafi ƙarfi a kan wannan kai ƙarar.

3.0 Abin da Dokar ta Tanada

Dokar Maroko ta mayar da saki abin da sai da izinin kotu. Sassa na 81 da 82 sun wajabta ƙoƙarin sulhu, kuma idan akwai 'ya'ya sai an yi shi sau biyu, da tazarar akalla kwana talatin. Idan sulhu ya faskara, sashe na 83 ya ce kotu ta yanka kuɗin da miji zai ajiye a wurinta cikin kwana talatin domin haƙƙoƙin mata da na 'ya'ya. Sashe na 85 ya umarci a yi la'akari da yanayin rayuwa da karatun da yaran suke ciki kafin rabuwa. Wanda bai ajiye kuɗin ba, sashe na 86 ya ɗauke shi a matsayin wanda ya janye niyyar saki.

Game da lokacin da shari'a take gudana, sashe na 121 ya ba kotu ikon ɗaukar matakan wucin gadi domin mata da 'ya'ya idan zama tare ya gagara. Sashe na 190 ya sa wa'adin wata ɗaya ga yanke ƙarar ciyarwa, na 191 kuma ya halatta cire kuɗin daga albashi ko kuɗin shigar uba tun daga tushe. Sashe na 200 ya ce ana hukunta ciyarwar 'ya'ya daga ranar da uba ya daina bayarwa, yayin da na 204 ya ce ta iyaye tana farawa ne daga ranar shigar da ƙara.

4.0 Inda Dokar ta Dace

Mai saurin hukunci zai ce sashe na 200 ya saɓa wa Mukhtasar, tunda ya hana faɗuwar ciyarwa da shuɗewar lokaci. Dubawa da kyau tana nuna cewa dokar ta faɗaɗa togaciya ta biyu ce. Yaron da uba ya daina ciyarwa bai zauna da yunwa wata shida ba. Wani ne ya ciyar da shi, kuma galibi uwarsa ce ko kakansa na wajen uwa. Da wuya a ce uwar da take sayar da kayan ɗakinta don ta sayi magani ta yi niyyar yi wa mijin da suke rikici sadaka. Dokar ta ɗauki wannan a matsayin asali, ta sauke mata nauyin tabbatar da niyya. Bambancin da aka yi tsakanin sashe na 200 da na 204 ma yana da tushe a mazhaba, domin Dardir ya keɓe wannan togaciya ga yaro, bai haɗa da iyaye ba.

Amfanin wannan a aikace babba ne. Uwa tana iya jinkirta zuwa kotu don ta ba sulhu dama ba tare da haƙƙin 'ya'yanta ya salwanta ba, kuma uba ba ya cin ribar jan lokaci. Haka nan sashe na 119, wanda ya hana uwa matalauciya fansar kanta a khul'i da ciyarwar 'ya'yanta, ya toshe ƙofar da ake yawan mayar da abincin yara abin ciniki a teburin sulhu.

5.0 Inda Dokar ta Gaza

Gazawa ta farko tana cikin sashe na 200 ɗin kansa. Ya rataya hukunci a kan ranar daina bayarwa, amma babin ciyarwa bai keɓe wata ƙa'ida ga abin da aka bayar hannu da hannu kafin zuwa kotu ba. Uban da yake aiko da rabin abin da ya kamata, ya daina ne ko bai daina ba? Kayan sallah da kuɗin makaranta da ya biya kai tsaye, za a cire su daga bashin ko kyauta ce? Sashe na 400 ya mayar da duk abin da dokar ba ta ambata ba ga mazhabar Malik da ijtihadi, don haka sai a koma ga rantsuwa. Zalunci a nan yana iya faɗawa kowane ɓangare. Uban da ya ciyar da gaske ta hannun ɗan aike yana iya wayar gari da bashin shekara guda, uwar da ba ta karɓi komai ba kuma tana iya rasa haƙƙin 'ya'yanta da rantsuwar wanda ba ya jin nauyin rantsuwa.

Ta biyu ita ce sakamakon sashe na 86. An yi shi don kare mata, amma mijin da ya ƙi ajiye kuɗin ko ya kasa, auren yana nan a takarda alhali ba ya nan a gida. Matar ta zama ratayayya, halin da aya ta 129 ta Suratun Nisa'i ta yi hani da shi. Gaskiya ne tana da hanyar neman rabuwa saboda saɓani a ƙarƙashin sassa na 94 zuwa 97, wadda aka sa wa wa'adin wata shida, sai dai wannan sabuwar shari'a ce da ita za ta ɗauki ɗawainiyarta.

Ta uku, hanyar cirewa daga albashi ta dace da ma'aikaci ne. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ba su da tushen da za a cira. Hukumar Maroko ta ga wannan giɓi, ta kafa asusun tallafin iyali da dokar 2010, wanda ya riƙa ba da dirhami 350 ga kowane yaro a wata idan an kasa zartar da hukunci a kan uba. Da farko asusun ya taƙaita ga matan da aka saka, sai a 2018 aka shigar da waɗanda aurensu bai mutu ba. Wannan jinkiri kansa shaida ne cewa masu tsara doka sun daɗe suna kallon saki a matsayin mafarin matsala, alhali tana farawa tun ranar da aka raba gida.

6.0 Abin Ɗauka ga Kotunanmu

Tun 2017, lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya bayyana shirin samar da dokar iyali ta Musulunci, ake tattauna rubuta irin wannan doka a Arewa. Abin da Maroko ta yi yana nuna abin da ya cancanci ɗauka da abin da sai an cike. Cikon kuwa yana cikin mazhabar tun asali, a aikin alƙalan Tunis da Ibn Arafa ya ambata, da kuma umarnin rubuta bashi da kafa shaidu a aya ta 282 ta Suratul Baƙara.

Zaman farko da magabata suke yi bayan yaji ya kamata ya yanka abin da za a riƙa ba yara, da ranar bayarwa, da wanda zai karɓa, a rubuce gaban shaidu biyu adilai, kafin a shiga maganar wanda ya yi laifi. A raba lissafin yara da na uwarsu, domin jayayya kan bijirewarta kada ta riƙe abincinsu. A kuma ba kotu ikon karɓar wannan takarda a matsayin kai ƙara, ta yadda uwa ba za ta zaɓi tsakanin aurenta da haƙƙin 'ya'yanta ba. Saƙon banki da shaidar tura kuɗi ta waya su zama hujjar uba, wanda shi ma yana buƙatar kariya.

7.0 Kammalawa

Dokar Iyali ta Maroko ta yi ijtihadi mai tushe da ta mayar da ciyarwar 'ya'ya bashi daga ranar da aka daina ta, ta kuma ba alƙali ikon tsoma baki kafin a yanke saki. Amma kariyarta tana farawa ne daga ƙofar kotu, watannin da suka gabaci haka kuwa ta bar su ga ƙwaƙwalwar masu rikici da rantsuwarsu. Duk dokar da za a rubuta wa al'ummar da mafi yawan saɓanin aurenta a zaure ake sasanta shi, wajibi ne ta ba abin da aka ƙulla a zauren matsayi na shari'a. Allah ne Mafi sani.