"Anga" ko "Turke"?

Kalmar Ingilishi "anchor" ta shigo Hausa da siffar "anga", watau ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsai da jirgi. Amma masu harshen sun faɗaɗa ma'anarta: abin dogaro ma "anchor" ne, haka nan mai gabatar da labaran talabijin. Mai fassarar da ya ɗora "anga" bisa dukansu ya yi kuskure. Manomin arewacin Adar, ko da ya taɓa ganin jiragen masunta a tabkin Tabalak, turke ya sani, inda yake ɗaure akuyarsa, kuma shi ya fi dacewa da ma'anar dogaro. Ga kuma matsalar rubutu: ɗalibin yaƙi da jahilci a Tawa, wanda bai ƙware da raba kalmomi ba, "an ga" zai karanta.