Mantaleta a leɓe: sanyin da kake ji ba waraka ba ne

Da hunturu ya kama a Katsina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shawarar da za ka fi ji idan leɓenka ya tsage ita ce: shafa mantaleta, ai tana ratsa jiki. To, akwai gyara a maganar nan.

Fatar leɓe siririya ce, ba ta fitar da maiƙo kamar ta fuska, shi ya sa busasshiyar iskar Sahara ke saurin zuƙe danshinta. Sinadarin mentol da ke cikin mantaleta ba ya mayar da danshin. Wata kafa yake taɓawa a jijiyoyi, mai suna TRPM8, wadda aka gano a 2002, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka sanyi ne. Shi da kafur kan ƙara wa tsagaggiyar fata raɗaɗi. Ka lasa, miyau ya bushe, tsagar ta ƙaru.

Ɗan amfanin da mantaleta ke yi, na basilin ɗin cikinta ne. Don haka nemi basilin zalla ko man kaɗanya, ka shafa musamman kafin barci. Idan mako uku ya wuce babu sauƙi, je ka ga likita.